Labon ƙwayoyin gado a Maradi ba almubazzaranci ba ne

Wata ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune a fada ana dafa shayi, ƙanen wani abokina da ke karatun masta a fannin noma ya ɗauko zancen aikinsa. Ya ce ya tara ganyen wake daga gonakin Madarunfa da Tibiri da Gidan Rumji, ya busar, yana so a duba ƙwayoyin gadonsu don a gane irin da ƙuduji ba ya kamawa. Bai rufe baki ba wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da duk muke ganin girmansa, ya ce: "Ɗana, wannan aikin masu ƙoshi ne. Mu da ba mu gama da yunwa da zazzaɓi ba, ina mu ina binciken ƙwayoyin gado? Ku bar wa Turawa abinsu." Yaron ya sunkuyar da kai, bai ƙara cewa uffan ba.

Maganar ta ci mini rai, domin ba dattijon kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Akwai masu digiri da yawa da suke ganin haka, kuma wasunsu su ne ke zama inda ake rabon kuɗin ƙasa.

Ni ga inda na tsaya. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ta cancanci labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, guda ɗaya na haɗaka, mai aikin ƙwayoyin gado da furotin, wanda zai yi wa kowa aiki: ɗalibin noma, likitan yara, mai sayar da iri, likitan dabbobi. Ya kasance da ma'aikatansa na dindindin, da wutarsa ta hasken rana, da farashin kowane gwaji a rubuce a bakin ƙofa. A fara da ƙananan kayan da za mu iya riƙewa, manyan su jira.

Jami'ar nan tana da sashen kimiyya, da na noma da muhalli, da na kiwon lafiya. Cibiyar binciken noma ta INRAN tana nan Tarna. Ga babban asibiti, ga cibiyar kiwon jar akuya. Ba kowane gari ne a Nijar ya tara waɗannan a wuri ɗaya ba, kuma dukansu suna da tambayoyin da ido da awo da sikeli ba sa amsawa.

Bayanin abin a taƙaice yake. Kowane mai rai, mutum ko hatsi ko ƙwayar cuta, yana ɗauke da ADN, wato dogon jeri na haruffa huɗu, A da T da C da G, wanda ya gada daga iyayensa. Na mutum ya kai harafi biliyan 3. Daga wannan jeri jiki ke ƙera furotin, su kuwa furotin su ne masu aiki: su ke ɗaukar iska a cikin jini, su ke narkar da abinci, su ke yaƙi da cuta. Labon da nake magana a kai yana karanta jerin ne, yana auna furotin ɗin.

"Mu fara maganin yunwa da cuta tukuna"

Wannan ita ce hujjar dattijon, kuma na yarda da rabinta: yunwa da cuta su ne gaba da komai. Inda muka rabu shi ne, ni ina ganin labon yana cikin kayan yaƙin.

Mu ɗauki waken da yaron nan ke bincike a kai. Bayan Najeriya babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya, kuma duk manomin jihar Maradi ya san ɓarnar ƙuduji. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙudujin wake launi-launi ne. Masana sun rarrabe nau'o'i da dama a yammacin Afirka, irin waken da ya gagari ƙudujin wata ƙasa sai ka ga na wata ƙasar ya cinye shi. A 2009 masu bincike a Amurka suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke ba wani wake mai suna B301, ɗan asalin Botswana, juriya ga nau'in ƙudujin da ke addabar Nijar da Najeriya. A 2019 aka karanta jerin gadon wake kusan gaba ɗaya, da wani iri da cibiyar binciken noma ta IITA ta fitar.

Amfanin wannan ga manomi a fili yake. Mai kyautata iri idan ya haɗa wake biyu aure, yana samun ɗaruruwan 'ya'ya, kuma ta tsohuwar hanya sai ya shuka su duka a gonar da ƙuduji ya yi katutu ya jira damina ta nuna masa. In ruwa ya yi gardama, shekarar ta tafi. Da gwajin PCR kuwa, wanda ke ninka wani yanki na ADN har a iya gano shi, ɗan guntun ganye na tsiro mai mako biyu ya isa a san ko ya gaji juriyar. Sai a zubar da marasa ita tun suna ƙanana, a kai masu ita gona. Gona dai ba za a rabu da ita ba, amma shekarun jira suna raguwa.

Hatsi ma haka. A 2017 aka fitar da jerin gadon gero ƙarƙashin jagorancin ICRISAT, cibiyar binciken noma da ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, aka ƙirga ƙwayoyin gado kusan 38,000. Bayanan suna nan a intanet kyauta. Amma Zango da Ankutes da sauran irin da kakanninmu suka tace cikin ɗaruruwan damina suna rumbunanmu ne, kuma in ba mu muka bincike su ba, sai dai mu jira ranar da wani zai ga dama.

A ɓangaren lafiya abin ya fi tsanani. A 2010 aka fara allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, sanƙarau nau'in A ya kusa ɓacewa. Sai ga wani sabon nau'in C ya ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya a 2013, nan maƙwabtanmu. A 2015 ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar, ya kashe sama da 500. Yaro mai sanƙarau wuyansa ɗaya ne ko da wane nau'i ya kama shi, likita ba zai gane da ido ba. Labo ne ke faɗin nau'in, nau'in kuma shi ke faɗin allurar da za a yi oda.

Ga kuma ɗan gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake yi a kowane gidan likita na ƙauye, wanda ake ɗiga jini a jira layi ya fito. Mafi yawansu suna neman wani furotin ne mai suna HRP2 da ƙwayar cutar ke fitarwa. An samu ƙwayoyin da suka zubar da gadon wannan furotin, aka fara ba da rahotonsu a Peru a 2010, daga baya suka yi yawa a Eritrea har ƙasar ta sake nau'in gwajin da take amfani da shi. Yaro na fama da zazzaɓi, gwaji na cewa ba shi da komai, a mayar da shi gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in irin wannan kuskure ya haura kashi 5 cikin ɗari, a sauya gwaji. To, wa zai ƙirga mana a Dakoro da Mayahi da Tasawa? Sai an yi PCR a kai a kai, damina bayan damina.

Amosanin jini kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, don da wuya a samu dangin da bai taɓa ba. Harafi ɗaya ne ya sauya a jerin gado, ya sauya furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini. In miji AS ne mata AS ce, wato kowannensu yana ɗauke da gadon cutar ba tare da ta kama shi ba, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai cutar. Gwajin da ke rarrabe su, inda ake sa jini a bar lantarki ya ja furotin ɗin ya ware su, tun 1949 aka san shi. Saurayi da budurwa suna buƙatar sakamakon da za su amince da shi kafin a kai kuɗin gaisuwa, kuma ƙananan labo na cikin gari suna buƙatar wani babba da zai riƙa tantance ingancin aikinsu.

"A aika Yamai ko waje, ya fi araha"

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma wani lokaci ita ce gaskiya. Karanta jerin gadon mutum na farko, wanda aka kammala a 2003, ya ci kusan dala biliyan 3. Yau bai kai dala 1,000 ba a manyan cibiyoyi, domin na'urorinsu ba sa hutawa. In aikin karanta ɗaruruwan jeri ne masu tsawo, aikawa waje ta fi. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai kuma ta daɗe tana gwajin samfuran sanƙarau na ƙasa baki ɗaya, ba na neman a ƙwace mata aikinta.

Sai dai kafin a aika, wani ne zai ciro ADN ɗin daga ganye ko jini, ya auna tsabtarsa, ya adana shi. In an iya wannan a gida, ɗan kwalba kawai za a aika, kuɗi ya ragu, asara ta ragu. Tsakanin Maradi da Yamai sama da kilomita 600 ne, wuni guda a mota, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Samfurin da ya lalace a hanya ba ya sanarwa, sai dai ya ba da sakamakon banza.

Mun kuma ga abin da ya faru a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli an rufe iyakoki, hanyoyin da aka saba bi suka toshe. Wanda duk aikinsa ya rataya a kan tura kaya waje ya zauna hannu rabbana.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ɗalibi. Wanda ya tara samfuri ya miƙa, bayan wata shida aka turo masa jadawali ya liƙa a cikin kundinsa, ya samu takarda amma bai samu sana'a ba. Bai taɓa ganin gwaji ya ƙi ba balle ya nemo dalili. Gobe shi ne malami, haka zai koyar. Kuma wanda ya yi aikin hannu shi ke riƙe da bayanan, sau da yawa sunansa ne ke gaba a rahoton, namu ya zo a tsakiya a matsayin wanda ya tara ganye. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ba kowace ƙasa haƙƙi a kan albarkatun gadonta, amma haƙƙin da ba ka da masu fahimtarsa a gida yana da wuyar karewa.

Maƙwabtanmu sun nuna abin yana yiwuwa. Cibiyar binciken ƙwayoyin gado ta ACEGID da ke jami'ar Redeemer's a garin Ede na jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta taimaka wajen tabbatar da cutar Ebola da ta shiga Legas a 2014, kuma a watan Maris na 2020 ita ta fitar da jerin gadon ƙwayar korona na farko a Afirka. Labon jami'a ne, a garin da ba babban birni ba.

Wuta, zafi da ƙura

Duk wanda ya kawo hujjar rashin wuta da zafi da ƙura ina sauraronsa da kyau, don ita ce mai kashe labo. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, tamu ta nan yankin ta layin Katsina. A watan Agustan 2023 aka yanke ta, kowa ya san yadda muka kwana. Firigon da ke ajiye samfuri a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili in ya tsaya na dogon lokaci, aikin shekaru ne ke narkewa. Na'urar PCR in wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, sinadaran da aka zuba sun tafi. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina, a wannan aiki kuwa ƙura gurɓata ce.

Saboda haka nake cewa kuɗin farko ba na na'ura ba ne. Na farantan sola ne da batura masu ɗaukar dare, da inji na ko-ta-kwana, da ɗakuna uku ko huɗu masu rufaffun tagogi da sanyi, inda ake shirya sinadarai daban, inda ake gwaji daban. Yawancin aikin yau da kullum firigo mai digiri 20 ƙasa da sifili ya ishe shi. Ganye ana busar da shi, jini ana ɗiga shi a takarda ta musamman ya bushe, duka biyun suna jure zafin ɗaki.

Kayan ma sun ƙanƙance. Na'urar MinION ta kamfanin Oxford Nanopore ba ta kai girman wayar hannu ba, a jikin kwamfuta ake jona ta. A 2015 an yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola, a wuraren da wutarsu ba ta fi tamu ba, ana samun sakamako cikin kwana ɗaya. Tsadarta tana cikin farantin da ake sa mata, wanda ke son sanyi kuma yana da wa'adi. Wannan ya kawo ni ga batun da nake ganin shi ne zuciyar maganar.

Na'ura a kulle

Duk wanda ya zaga jami'o'in yankinmu ya san wannan labari. Furoje ya zo, ya saya wa wani malami na'ura, aka yanke kyalle, aka ɗauki hoto. Shekara uku furoje ya ƙare, sinadarai suka ƙare, wani ɗan ƙarfe ya lalace, babu mai gyara kusa. Makulli yana aljihun mutum ɗaya. A wani sashen kuma wani furoje ya sayo irin na'urar sak, ita ma ta kwanta. Masu cewa "za a saya ne a bari ta ruɓe" daga nan suka samo hujjarsu, kuma ba ƙarya suke yi ba.

A unguwa ba kowane gida ke sayen injin niƙa ba. Inji ɗaya ne, da mai kula da shi wanda ya san kukansa, kowa ya kawo tiyarsa ya biya, kuɗin ya sayi gazuwal da dutse. Haka nake son labon ya kasance. Kada ya zama na sashen noma ko na likitanci, ya kasance ƙarƙashin shugabancin jami'a kai tsaye, da littafin layi da kowa ke iya gani. Ɗalibin jami'ar ya biya kuɗin sinadari kawai, asibiti da INRAN su biya matsakaici, kamfani da furoje su biya cikakke. Duk furojen da ya zo da kuɗin sayen na'ura, a ce masa ya ajiye ta a nan, ya kuma ware kuɗin gyaranta.

Ginshiƙin abin kuwa ma'aikacin labo ne, ba farfesa ba. Farfesa yana da aji da taro da tafiye-tafiye. Wanda ke zuwa kullum da safe ya duba sanyin firigo, ya rubuta, ya san wane sinadari ya kusa ƙarewa ya yi oda wata uku kafin lokaci, shi ne labo. A tsarinmu irin waɗannan mutane ba su da daraja, albashinsu kaɗan, babu matakin ci gaba, shi ya sa duk wanda ya ƙware yake komawa neman dokta ko ya bi ƙungiyoyin agaji. A ɗauki uku ko huɗu aiki na dindindin, a tura su horo, ɗaya daga ciki ya koyi gyaran na'ura, a riƙa sa sunansu a rahoton bincike. Hukumar kwastan kuma ta ba sinadaran bincike hanya ta musamman, domin kwalin da aka rubuta a ajiye shi a sanyi ba zai yi mako biyu a sito yana jiran sa hannu ba.

A fannin furotin ina roƙon a yi haƙuri da babbar na'ura mai gane furotin ta hanyar auna nauyin ƙwayoyinsa. Kuɗinta da kuɗin riƙonta sun fi ƙarfinmu yanzu. A fara da na'urar ware furotin da lantarki da gwajin ELISA mai gano wani furotin na musamman a cikin samfuri, da kayan auna yawan furotin a abinci. Da su za a duba amosanin jini, a duba cututtukan dabbobi, a auna gubar afalatoksin da ruma ke haifarwa a gujiya da masara, wadda ke jawo sankarar hanta, kuma muna cin ta a ƙuli-ƙuli ba mu sani ba. Mai son nazarin siffar furotin kuwa, manhajar AlphaFold, wadda masu ita suka samu kyautar Nobel a 2024, ta zuba siffofi sama da miliyan 200 a intanet kyauta. Kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai kyau su ne kuɗin shiga.

"Za su taɓa mana iri, za su yi wasa da jininmu"

Ba na raina wannan tsoro. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Dole labon ya kasance da kwamitin ɗa'a mai haƙori, da malaman addini da mata a ciki, kuma kada a ɗauki jinin kowa sai an yi masa bayani da Hausa ya yarda.

Batun iri kuwa, karanta jerin gado daban, sauya shi daban. Hasali ma wanda ke ƙin irin da aka sauya wa gado ya fi kowa buƙatar labo. A 2019 Najeriya ta amince da wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sa wa gadon kashe tsutsar da ke huda kwanson wake. Kowa ya san yadda buhu ke ratsa Jibiya da Ɗan Isa. Ko kana son wannan wake ko ba ka so, ido ba zai nuna maka shi a kasuwa ba, gwaji ne kawai. Haka mai sayen ingantaccen iri da aka cika masa buhu da gauraye, haka mai kiwon jar akuyar Maradi da ke son sanin ko bunsurun da aka sayar masa tsantsa ne ko ruwa biyu.

Saura kuɗi. Gwamnati ce ya kamata ta ɗauki albashi da gini, wannan ba na kowa ba ne sai ita. Amma Maradi garin alhazai ne, masu gina masallatai da makarantu da haƙa rijiyoyi, Allah ya saka musu. Waken da gujiyar da fatun da suke fatauci su ne za su fara cin moriyar takardar gwaji da mai saye na waje zai yarda da ita. Ina kira ga shugabannin jami'a su je wurinsu da takarda a hannu, ba da roƙon na'ura mai sheƙi ba: ga kuɗin sola da batura, ga kuɗin sinadaran shekara uku, ga asusun da za a zuba, ga wanda zai sa hannu, kuma kowane wata shida za a liƙa lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita da yawan gwajin da aka yi a allon sanarwa.